Yumɓu a Allon Waya: Darasin Wasan Platypus ga Matasan Tsibiri

A shekarar 2002 wani kamfanin Ingila mai suna Idigicon ya fitar da wani wasan kwamfuta a faifan CD, cikin irin wasannin nan masu araha da ba a yi musu talla. Sunan wasan Platypus. Mutum ɗaya ne ya gina shi a ɗakinsa, wani ɗan ƙasar New Zealand da ake kira Anthony Flack. Tsarin wasan ba sabo ba ne. Ɗan ƙaramin jirgin sama ne yake tafiya daga hagu zuwa dama, jiragen abokan gaba suna ɓullowa ayari-ayari, kai kuma kana kakkaɓo su. An yi irinsa ba adadi tun zamanin injinan wasa da ake jefa wa kwabo. Abin da ya raba shi da saura shi ne, duk abin da ido ke gani a cikinsa da yumɓu aka gina shi. Jiragen, tuddan, bishiyoyin, gine-ginen, har wuta da hayaƙin da ke tashi idan jirgi ya tarwatse, duka Flack ya mulmula su da yatsunsa, ya ɗauki hotonsu, ya zuba a kwamfuta.

Ba yumɓun bakin kogi ya yi aiki da shi ba. Na kanti ne, wanda ake kira Plasticine, da wani malamin zane-zane, William Harbutt, ya ƙirƙiro a 1897 a yankin Bath na Ingila. Da mai ake kwaɓa shi, ba da ruwa ba, shi ya sa ba ya bushewa. A lokacin kuwa yana da wuyar samu da yawa a New Zealand. Sai Flack ya riƙe curi ɗaya mai ruwan toka. Ya gina jirgi, ya ɗauki hoto, ya murƙushe shi, ya gina tudu da wannan curin, ya ɗauki hoto, ya sake murƙushewa. Launukan da suka ƙawata wasan daga baya ya shafa su a cikin manhajar Photoshop. Umarnin da ke tafiyar da wasan kuma ya rubuta shi da Blitz Basic, harshen rubuta manhaja na masu ƙaramin ƙarfi. Ana tsakiyar aikin gobara ta cinye gidan da yake zaune, bai fasa ba. Kafin wannan ma ya taɓa yin wani ɗan wasan yumɓu mai suna Bert the Barbarian.

Wasan bai yi suna sosai ba sai a 2004, lokacin da wani ƙaramin kamfanin Amurka, Retro64, ya gyara shi ya sa a intanet bisa tsarin da ake kira shareware, wato ka sauke wani yanki kyauta ka ɗanɗana, in ya yi maka ka biya a buɗe maka sauran. Daga nan ya bazu, ya shiga na'urar PSP a 2006, ya shiga wayoyi, ya shiga kasuwar Steam.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Tsibiri da wannan? Amsar ita ce, cikin abubuwa huɗu da Platypus ya tsaya a kansu, wato yumɓu, hannun da ya iya mulmula shi, kyamara, da hanyar yaɗa wasa daga hannu zuwa hannu, babu ko ɗaya da yankinsa na Talata Mafara, Bakura da Maradun a jihar Zamfara ya rasa. Na biyar kuma, wato mallakar aikin, wanda shi kansa Flack ya yi tuntuɓe da shi, shi ne ya kamata a fi yi wa kallon tsanaki.

Yadda laka ke motsi

Dabarar tsohuwa ce, kuma ba ta da wani sirri. Idon ɗan Adam idan aka gilma masa hotuna masu kama da juna da sauri, sai ya gan su abu ɗaya mai motsi. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a kowace daƙiƙa. Masu aikin yumɓu sukan rage wahala su ɗauki 12, kowanne a nuna shi sau biyu. Sai a kafa kyamara wuri ɗaya kada ta gusa ko kaɗan, a ajiye siffar a gabanta, a ɗauki hoto, a ɗan lanƙwasa hannunta, a sake ɗauka, a ƙara lanƙwasawa. Minti ɗaya na fim zai ci hoto 720. Wanda ya taɓa kallon Shaun the Sheep, tunkiyar nan mai wayo da yaranmu ke so a talabijin, ko fim ɗin kaji na Chicken Run da ya fito a 2000, ya ga aikin kamfanin Aardman na birnin Bristol, kuma da wannan haƙurin aka yi su. A irin waɗannan wurare ma'aikaci yakan wuni cur a kan 'yan daƙiƙoƙi.

A nan ne wasan kwamfuta ya fi fim sauƙi, kuma wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Fim dole a ɗauki kowace daƙiƙarsa. Wasa kuwa maimaici yake yi. Idan kana son jaki ya yi tafiya, hoto 6 ko 8 sun isa: ƙafa ta ɗaga, ta miƙa, ta sauka, ɗayar ta biyo. Kwamfuta za ta yi ta juya waɗannan hotunan, jakin ya yi ta tafiya har batir ya ƙare. Tsuntsu mai kaɗa fiffike hoto 4 ya ishe shi, kuma daga tsuntsu ɗaya manhaja za ta fitar maka da garke. Jirgin sama ya fi kowa arha, domin ba shi da gaɓar da ke lanƙwasa. Hotonsa a miƙe, da a karkace sama, da a karkace ƙasa, shi ke nan. Ba mamaki da mutumin da ke da curi ɗaya ya zaɓi jirage.

Bayan ɗaukar hoto sai yanka. Ana ɗora siffar a kan ƙyalle ko takarda mai launi ɗaya, a goge launin a kwamfuta, siffar ta rage ita kaɗai, yadda za a iya ɗora ta a kan kowane fili. Filin ma hawa-hawa ake yin sa: tuddan nesa su riƙa wucewa a hankali, bishiyoyin kusa su wuce da sauri, sai mai wasa ya ji kamar da zurfi a allon. Babban abokin gabar wannan aiki shi ne haske. Idan da hasken rana ake ɗauka, gajimare ɗaya ya gilma sai hotunan su bambanta, siffar ta riƙa ƙyaftawa a allo. Don haka ɗaki mai duhu ake nema da fitila wadda ba ta canzawa. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, fitilar caji ko ta sola ta fi wutar layi amana, muddin ba a bari cajinta ya yi ƙasa ba.

Manyan kamfanoni da ƙanana ma sun taɓa wannan fage. ClayFighter ya fito a 1993. A 1996 Doug TenNapel da abokan aikinsa suka fitar da The Neverhood a ƙarƙashin DreamWorks Interactive, wasan da ya ci yumɓu fiye da tan 3. Bai yi ciniki sosai a Amurka ba, amma kwafin sata ya sa ya yi farin jini a Rasha da Iran. A Suwidin mutum biyu suka gina The Dream Machine da yumɓu da kwali, suna sakin sa babi-babi daga 2010 zuwa 2017. A Jamus wasu matasa sun shafe fiye da shekara 10 a kan Harold Halibut kafin ya fito a 2024. Duk da haka na Flack ya fi kusa da mu, saboda talaucin kayan aikinsa.

Ƙasar da ba ta rasa yumɓu

Tsibiri da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi suna cikin kwarin kogin Sakkwato ne, inda aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 da niyyar shayar da kadada 23,000. Ƙasa ce ta fadama da magudanan ruwa, ta shinkafa da dankali da albasa da tumatir. Inda ruwa ya kwanta ya janye, laka na nan. Kuma duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san abin da yara ke yi da ita da damina: shanu masu tozo da ƙahon ƙaya, raƙuma, dawaki da mahayansu, 'yan tukwane da murhu na wasan 'yan mata, yanzu har da waya da babur. Ga motar kara, ga ta gwangwani. Babu malamin da ya koya musu, ƙane yana gani wurin wa. Yaron da ya iya fitar da tozon sa da yatsa biyu ya riga ya mallaki abin da ake biyan kuɗi a koya a makarantun zane na Turai. Abin takaici, da zarar ya tasa sai a ce ya girmi wasan ƙasa, hannun ya mutu a nan.

Sama da yara akwai magina, masu randa da tulu da kasko da asusu, waɗanda kayansu ke cika sashensu a kasuwar Talata. Su ne suka san wace ƙasa ce ke tsagewa da wadda ke jurewa, da abin da ake gauraya mata don ta yi ƙarfi, da dalilin da ya sa ba a shanya ɗanyen gini a tsakar rana. Tarihin ma ya yi nisa. A yankin Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, an tono siffofin gasasshen yumɓu da masana ke ƙiyasta shekarunsu da kusan 2,000. Yawancinsu haƙar sata aka yi musu aka fitar da su ƙasashen waje, har ta kai ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa siffofin yankunan Sakkwato da Katsina, tare da na Nok, cikin jerin kayan tarihin da ke cikin haɗari a shekarar 2000. A bayan takardar naira 20 kuma hoton Ladi Kwali ne, maginiyar da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau.

Sai dai lakar fadama tana da halinta. Tana bushewa, tana tsukewa, tana tsagewa. Ba za ta yarda a yi ta lanƙwasa ta awa biyar a gaban fitila ba. Yumɓun kanti kuma, ko an samo shi daga Kano ko Sakkwato, zafin bazara na sa shi ya saki jiki. Mafitar tana cikin tarihin sana'ar kanta. Tun shekarun 1930 George Pal yake yin fina-finansa na Puppetoons ba tare da lanƙwasa komai ba: yakan sassaƙa siffa daban don kowane motsi, a ɗauke wannan a ajiye waccan. Haka za a yi da lakarmu. A gina jaki 6, kowanne da tsayuwar ƙafarsa, a shanya su a inuwa, a ɗauki hotonsu bi da bi. In sun ɗan bambanta da juna ba aibi ba ne, wannan ɗan rawar jikin shi ne daɗin kallon aikin hannu. Launi kuma ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga baƙin tukunya, ko a bi hanyar Flack a shafa a kwamfuta.

Mutumin Tawa

Kada a ɗauka wannan fasaha ba ta taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga ta Jamhuriyar Nijar a 1942, makanike ne kafin ya shiga fim. Tun yana yaro yake haɗa wa mutanen garinsu wasan inuwa da fitila da kwali. Ya haɗu da wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, a Yamai, ya kuma je Kanada inda ya ƙaru da Norman McLaren, gwanin motsa zane. A tsakiyar shekarun 1960 ya fitar da La Mort de Gandji da Bon Voyage Sim, waɗanda ake lissafa su cikin fina-finan zane na farko-farko a Afirka ta kudu da Sahara. Na biyun kwaɗi ne 'yan wasansa, shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, kuma kowa ya gane da wa ake. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, hoto bayan hoto. Ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokawar gargajiya a fage, da makaɗa da 'yan kallo.

Alassane ya koyar a jami'ar Yamai, daga baya ya koma Tawa da zama, ya buɗe masauki, ya mayar da wani sashe nasa ɗakin aiki. A can ya ci gaba da ƙera 'yan tsanarsa da abin da hannu ya kai gare shi, har da tsufansa ya koma gwada kwamfuta. Ya rasu a Wagadugu a 2015. Gidajen adana fina-finai na Turai da Amurka suna nuna ayyukansa. A Zamfara da Sakkwato, waɗanda ke 'yar tafiya daga Tawa, da wuya ka ji an ambaci sunansa a ajin koyon fasaha. Wannan rashi namu ne.

Ɗanɗana kafin ka saya

Tsarin shareware ya samo asali ne a Amurka a farkon shekarun 1980, lokacin da masu rubuta manhaja irin su Andrew Fluegelman, Jim Knopf da Bob Wallace suka ga ba za su iya hana mutane kwafar faifai ba. Sai suka juya lamarin: kwafa ka ba abokinka, in ta yi maka amfani ka aiko da kuɗi. Masu aikowa ba su da yawa. A 1987 Scott Miller na kamfanin Apogee ya gyara dabarar da wasansa Kingdom of Kroz. Ya raba wasa kashi-kashi, na farko kyauta kuma cikakke, sauran sai an biya. Da wannan tsari Commander Keen ya fito a 1990, Wolfenstein 3D a 1992, sannan Doom na kamfanin id Software a Disambar 1993, wanda ya mamaye kwamfutocin ofisoshi da jami'o'i. Kamar ɗanɗanon mai tsire ne: yankan da ya miƙo maka a bakin wuƙa ba asara ba ne, shi ne tallar.

Bahaushe bai jira an fassara masa wannan ba. Marubutan littattafan onlayin, waɗanda galibinsu mata ne, haka suke yi a WhatsApp da Wattpad. Shafukan farko kyauta ne, ana ta turawa daga wannan zaure zuwa wancan. Daidai inda labari ya ɗau zafi sai sanarwa ta biyo baya cewa littafin na kuɗi ne, ga lambar asusu, a turo shaidar biya a shiga zauren masu biya. Akwai masu fitar da shafukan su raba a ɓoye, marubutan kuma suna ta Allah ya isa, amma duk da haka sana'ar tana ci da mutane. Wanda zai sayar da wasan waya a Mafara ya fi buƙatar zama da waɗannan marubuta fiye da karanta tarihin Apogee.

Hanyar rabawa ma a shimfiɗe take. A kowace kasuwa da tasha akwai masu cajin waya da masu tura fina-finai da waƙoƙi a memori. Tsakanin abokai kuma Xender da Bluetooth ne, ba ruwansu da data. An ga amfanin wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kwashe makonni babu kira babu intanet. Duk wasan da sai da intanet yake tashi ya zama hoto. Darasin a fili yake: wasan da za a yi don wannan yanki ya zama mara nauyi, mai tashi a ƙaramar wayar Android, wanda ba ya neman sabis, kuma a bar matakan farko su yi ta yawo kyauta. Mai tura fina-finai a kasuwa ba ɓarawo ba ne a wannan tsari, dillali ne, har ana iya ba shi lambobin buɗe wasa ya sayar ya ɗauki la'adarsa.

Kura da shan bugu

Yanzu ga abu na biyar. Lokacin da Flack ya ba da Platypus, kuɗi ƙalilan aka biya shi a dunƙule, haƙƙin mallakar wasan kuma ya koma hannun kamfani. Da wasan ya karɓu a duniya, ya shiga na'ura bayan na'ura, ba shi ne mai shi ba. A 2007 aka fitar da Platypus II ba da hannunsa ba. Wani wasan yumɓu da ya daɗe yana ginawa, Cletus Clay, bai kai ga fitowa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 2025, shekara 23 bayan fitowar farko, aka saki Platypus Reclayed ta hannun kamfanin Claymatic, inda Flack ya dawo ya sake gina siffofin da sabon yumɓu.

Ba sai an je New Zealand za a ji irin wannan labari ba. Masana'antar Kannywood, wadda ake ɗaukar Turmin Danya na 1990 a matsayin mafarinta, ta daɗe a hannun 'yan kasuwar kaset da CD, furodusa ya sayar da fim ɗinsa baki ɗaya ya koma gefe. Da tura-tura ta kashe kasuwar faifai, waɗanda suka farfaɗo su ne waɗanda suka riƙe kayansu suka buɗe tasharsu a YouTube, kamar yadda aka gani da Izzar So daga 2020, ko suka ƙulla yarjejeniya da tashoshi irin Arewa24. Mawaƙa da marubuta da yawa suna da tabon wannan ciniki. Matashin da ya gina wasa, wani ya zo daga birni da 'yan dubbai ya ce a sayar masa dungurungum, ya tuna cewa ana iya ba da izinin rabawa na wa'adi, a rubuce, da kaso, ba tare da an sallama mallaka ba. Kuma idan aikin na mutum uku ne, mai gini, mai ɗaukar hoto da mai rubuta manhaja, a rubuta rabon kowa tun ba a ga ko sisi ba. Abota ba ta cika jure kuɗin da ba a yi maganarsa da wuri ba.

Maganar malamai, da wasan da ya dace

Akwai tambayar da ba za a tsallake ta ba a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, ƙarƙashin Ahmad Sani Yariman Bakura, ɗan wannan yanki. Mene ne hukuncin gina siffar mai rai? A mazhabar Malikiyya malamai sun tsananta a kan siffa mai inuwa, cikakkiyar halitta, ta mutum ko dabba. Sun kuma yi rangwame a kan 'yar tsanar yara, bisa hadisin da ya tabbatar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana. Bishiya, gida, jirgi da duk abin da ba shi da rai kuwa babu saɓani a kansu. Mai son shiga wannan aiki ya je ya zauna da malaminsa tun kafin ya kwaɓa laka, ya bayyana masa yadda aikin yake dalla-dalla. In ya zaɓi kauce wa saɓani gaba ɗaya, fili na nan: kwale-kwale, a-kori-kura, injin ban-ruwa, rumbu, babur. Platypus kansa kusan duka injuna ne da tuddai.

Abin da ban ga dalilin kwaikwayonsa ba shi ne harbe-harben. A New Zealand ƙarar bindiga a wasa nishaɗi ce. A Maradun da Bakura da ƙauyukan Mafara, inda mutane suka binne 'yan uwa, suka biya kuɗin fansa, suka bar gonaki, ba abin wasa ba ce. Kuma ba a ma buƙatar ta. Ƙashin bayan irin wannan wasa shi ne abubuwa su riƙa zuwa ayari-ayari, kai kana tarewa, sauri yana ƙaruwa. Manomin shinkafa a Bakolori ya san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta: tsuntsayen jan-baki ne, da ke saukowa kamar hadari lokacin da shinkafa ta yi nono. A ba mai wasa majajjawa da gwangwanaye a igiya da mutum-mutumi, a ce ya kai gonarsa ga girbi. Mataki na gaba ya raba ruwa tsakanin fangaloli kafin wani ya bushe wani ya nutse. Na gaba ya tsallaka da buhuna a kwale-kwale, ya kai kasuwa ranar Talata kafin farashi ya faɗi. Ga dara, ga langa, ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da ba su da mai haƙƙin mallaka. Sauti kuma a ɗauko na gida, kalangu da sarewa da kukan tsuntsayen kansu.

Idan ba mu yi ba wasu za su yi mana yadda suka ga dama. Kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda aka kafa a 2012, yana da wasa mai suna Aboki Run. A Kamaru, Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016 da labarin da suka ɗebo daga al'adunsu. Yaranmu kuwa suna gidajen gem suna buga ƙwallon Turai a PS, ko suna kan Candy Crush da Ludo a wayar iyaye.

Kuɗin shiga ba shi ne shingen ba. Manhajar gina wasa ta Godot kyauta ce, har tana da nau'in da ke aiki a kan Android. GDevelop da Scratch suna barin mai koyo ya haɗa wasa ba tare da rubuta dogon umarni ba. GIMP kyauta ce, tana yin aikin yanka da shafa launi. Stop Motion Studio tana ɗaukar hoto bayan hoto a waya, tana nuna maka inuwar na baya don ka daidaita na gaba. Kyamarar wayar Tecno ko Infinix ta yau ta fi wadda Flack ya yi aiki da ita nesa ba kusa ba. Dandalin itch.io ba ya karɓar kuɗin ɗora wasa, Google Play dala 25 ne rajista sau ɗaya, Steam dala 100 a kan kowane wasa. Abin da ke da tsada shi ne lokaci, da kwanciyar hankali, da wanda zai nuna hanya a watannin farko.

A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, akwai kuma Jami'ar Jihar Zamfara. Kowace shekara ɗaliban kwamfuta suna neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, yawanci su ƙare a manhajar rajistar ɗalibai da aka yi sau ɗari. Kira ga malaman waɗannan sassa shi ne su ware rukuni ɗaya a bana, su haɗa su da maginiya ɗaya daga kasuwa da yara biyu masu hannu daga Tsibiri ko wani ƙauyen fadama, a biya maginiyar da yaran haƙƙinsu, a rubuta sunan kowa a allon farko na wasan. Mataki uku sun isa a fara da su, na farkon a sake shi kyauta a wurin masu cajin waya.